Sautun Ƙasar Sin

A Gure ba a tafiya Damagaram hannu sake. Da an ji za ka hau mota, kafin ka sa takalmi wannan ta aiko a sayo mata atamfa, wancan ya kawo kuɗin maganin ciwon ƙafa, wata tsohuwa ta kwance bakin zanenta ta ce ka duba mata goro mai kyau. Sautu ke nan. Ba a ƙin karɓarsa, ba a neman kuɗin mota a kansa, kuma idan ka dawo sai ka sallami mutane kafin ka kwance naka kayan. A haka na tashi, ban taɓa ganin laifin abin ba sai shekarar da famfon ƙanena ya tsaya.

Ƙanen nawa ya yi shekaru a Libiya yana leburanci. Ya dawo da ciwon baya da ɗan abin da ya tara, ya dafa ƙafar Inna, mahaifiyarmu, ya ce ya gama da hamada. A kwarin da mahaifinmu ya bar mana, can tsakanin tuddan rairayi, ya sa aka haƙa masa rijiyar burtsatse, ya sayi allunan sola da famfo. Ya shuka albasa da tumatir, ya kuma dasa 'yan dabino a jere, masu tsayin gwiwa. Inna ba ta damu da albasar ba. Dabinon take zuwa gani, don ta ce mai niyyar sake tafiya ba ya dasa icen da sai an yi shekaru kafin ya haihu.

Abin da ya ƙone wani ɗan akwati ne da ke tsakanin allunan da famfon, shi ke karɓar wutar rana ya miƙa wa famfo. Bai kai bulo girma ba. Ƙanena ya kai shi Damagaram, masu shaguna suka jujjuya shi suka ce ba irinsa, sai dai ya sayi sabon famfo dungurungum. Aka aiko masa wani daga Kano, ya yi aiki kwana kaɗan ya yi hayaƙi. Sai kallo ya dawo kaina. Ni mushe ne, wato malamin boko, ina koyarwa a lekwal, kuma a gidanmu duk wanda ya riƙe alli ana ɗauka ya san sirrin duk abin da ke da maɓalli.

Na kuwa samo irin akwatin a talho, wato wayar hannu, a shagon wani ɗan kasuwa na ƙasar Sin, lamba da kama duk iri ɗaya, ga araha har na yi zaton idona ne. Da na zo wajen kuɗin aikowa sai murnata ta koma ciki, don dakon ya ninka kuɗin akwatin har ban san sau nawa ba. Ga shi suna neman sunan titi da lambar gida. Me zan rubuta musu? Bayan masallaci, gidan da ke da icen bedi a ƙofa? Wani abokin aikina ya haɗa ni da wani ɗan ƙasarmu mai sito a can Sin da ofis a Yamai. Kai ka saya, a kai sitonsa, shi ya auna da kilo ya sa a jirgin sama. Ya ce abu ƙarami irin wannan, mako biyu yana hannuna.

Da maraice na gaya wa Inna, don hankalinta ya kwanta. Kashegari kafin in dawo daga lekwal labari ya gama unguwa: ɗan Inna zai yi sayayya a ƙasar Sin.

Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, ita ta fara zuwa. Ta zauna a kan tabarma ta miƙe ƙafa.

"Mushe, ashe har Sin kake aike ba ka gaya mana ba? To, tukwanen nan masu shiga cikin juna nake so, na kayan ɗakin jikata."

"Gwaggo, ba fa tafiya zan yi ba. A talho ne."

"Yo ba kwali za su ɗauro maka ba? A jefa nawa ciki. Ko kwalin ya cika ne?"

Bayanta matar maƙwabci ta zo neman turare. Mai shagon bakin hanya yana son batiran cajin talho. Liman ya aiko a duba masa fitila mai caji. Duk wanda ya zo, Inna ke karɓar kuɗinsa da hannu biyu tana cewa ai ba komai, ai yi wa kai ne. Na ga fuskarta a kwanakin nan, ta daɗe ba ta yi haske haka ba. Shekara da shekaru ita ke ba da sautu, yau ga shi ƙofarta ake sallama.

Na saya duka, ina ƙunƙuni. Aka jira kowane mai shago ya kai nasa sito, mai tukwane ya fi kowa nawa. Sannan mai sito ya kira ni. Ya ce jirgin sama ba ya ɗaukar batir da turare, tukwanen Gwaggo kuwa idan aka auna su da kilo, albashina na wata ba zai ɗauko su ba. Shawararsa ita ce a ware ɗan akwatin famfo a sa shi a jirgin sama shi kaɗai, sauran su biyo jirgin ruwa, wata biyu su iso.

Na ga babu abin tunani a nan. Amma na yi maganar a gaban Inna, muna cin tuwo, ƙanena na gefe.

Ta tsame hannunta daga kwano. "Namu ya zo, na mutane ya zauna?"

"Inna, nasu ba ya lalacewa. Tukunya ba ta jin ƙishirwa. Albasa fa?"

"Kai dai ba ka san mutane ba, da karatunka. Ranar da aka ga mota ta sauke namu babu nasu, me za a ce? A ce na karɓi kuɗin mutane na gyara garkar ɗana. Ni na karɓa da hannuna. Kayan amana ba ya bin baya. Tare suka taso, tare za su zo."

Na juya ga ƙanena, ina jiran ya buɗe baki, tunda garkarsa ce. Ya sunkuyar da kai yana murza loma. Ya ce, "Yaya, wata biyu ne. Zan iya da jarka."

Raina ya ɓaci ƙwarai a ranar, har tuwon ya fita kaina. Amma a gidanmu ba a mayar wa Inna magana sau biyu. Na kira mai sito na ce ya haɗa komai a kwali ɗaya, a sa a ruwa.

Ƙanena ya ari amalanken jaki. Daga wata tsohuwar rijiya a bakin kwarin yake cika jarkoki, ya kai, ya zuba, ya koma. Garkar da aka auna da ƙarfin famfo ba ta jin ruwan jarka, rairayi na shanyewa tun kafin ka juya baya. Ya fara barin tumatir, ya ce albasa ta fi daraja. Da zafi ya shigo ya bar rabin albasar. Ya gwada hayar injin mai, amma abin da injin ke sha a rana ya fi abin da garkar za ta mayar. Ciwon bayansa ya tashi, ya riƙa ɗaure ƙugu da rawani.

Wata biyu suka wuce. Ni kuma na zama maroƙin mai sito. Kullum amsa ɗaya: kaya na hanya. Jirgi ya taso. Jirgi ya tsaya a wata tasha. Da jirgin ya iso gaɓa, iyakar da aka saba bi ta Kwatano a rufe take, sai aka karkata kaya ta Lome, inda manyan motoci ke yin layi suna jiran rakiyar soja kafin su ratso Burkina. Akwai wata lamba da ya ba ni ta bin sawun kaya. Na danna ta har na haddace, kullum tana nuna mini wuri ɗaya.

Sai kuma ƙarin kuɗi. Na zaman tasha, na doguwar hanya, na duwan, wato kwastan. Na ce a raba wa masu kaya kowa ya kawo nasa kaso. Gwaggo ta riƙe haɓa.

"Kuɗin mota a kan sautu? Yau na ji sabon abu. Ni dai na biya kuɗin tukwanena cif."

Inna ta harare ni, na biya. Mai shago kuwa duk ranar da na wuce sai ya ɗaga murya, "Mushe, batiran nan ko a ƙafa suke tahowa?" Mutanen da ke zaune su yi dariya, ni ma in yi, don idan ban yi dariya ba zagi zan yi.

Ranar wata Juma'a na bi ƙanena kwari. Albasa ta zama kara. Dabinon kawai yake ba ruwa yanzu, su ma na ƙarshen layi sun bushe, ganyensu ya koma launin igiya. Rairayi ya fara hawa shingen da ya yi da kaba. Ya zauna a inuwar allunan sola, waɗanda ke shan rana a banza tun watanni.

"Yaya, wani ɗan garin Kelle ya taya allunan nan."

"Ka ƙara haƙuri. An ce motoci sun taso."

"An ce." Ya yi murmushi. "Ina da mata da ciki. Bashin iri na kaina. Yara sun ce ana samu a Jado, wajen zinariya."

Ni da ke tsayawa gaban yara ina bayani daga safe har azahar, na zauna ina tona rairayi da yatsa.

Ya sayar da allunan, ya biya bashi, ya bar wa matarsa hatsi. Ranar da zai tafi Inna ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta ƙulla masa ƙuli-ƙuli da garin yaji, ta raka shi har zaure. Da motar ta tashi sai ta koma ɗaki, ba ta fito ba har la'asar.

Kwalin ya iso bayan ruwan farko ya sauka. Daga Yamai aka sa shi a motar fasinja, na je tasha na ɗauko a kan babur, gefensa ɗaya ya lotse. Kafin in kwance igiya tsakar gida ta cika. Inna ta zauna ta raba da hannunta, kamar yadda ta karɓa. Liman ya sami fitilarsa. Matar maƙwabci ta shinshina turarenta ta yi guɗa. Gwaggo ta ƙwanƙwasa tukwanenta ɗaya bayan ɗaya, ta ce ba su kai na hoto kauri ba, amma ba laifi, Allah ya yi albarka. Kowa ya yaba, aka ce gidan nan akwai amana, ko cokali bai ɓata ba.

Da aka watse, sai ɗan akwatin ya rage a gindin kwali, naɗe cikin leda, sabo fil. Lamba da kama duk daidai. Inna ta ɗauke shi, ta auna nauyinsa a tafin hannunta.

"Wannan ne?"

"Shi ne, Inna."

"Ɗan wannan?"

Ta goge shi da bakin mayafi, ta sa shi cikin kwallar da take ajiye kayan da ba ta so a taɓa. Inda ƙanena yake babu rezo, talho ba ya kamawa sai ya hau wani tudu, don haka yakan daɗe bai kira ba. Da ya kira, ta karɓe talhon daga hannuna tun kafin mu gama gaisawa.

"Abinka ya zo," ta ce. "Yana nan na ajiye maka. Sai ka taho."

Ina jin muryarsa ƙasa-ƙasa, iska na kaɗa ta. Ya ce, "To, Inna." Sannan ya tambaya ko kowa ya sami kayansa.