Gardamar rabin aji da ta kai ni gaban Inna

Shekarun baya, ina da wani aboki ɗan Nijar da ke zuwa Aliero duk kakar albasa yana sari a wurina. Mutumin kirki ne, amma in muka zauna a rumfa ba mu da aiki sai gardamar ƙasar wa ta fi. Ni kuwa bakina ba ya gajiya.

Wata rana ya ce a garinsu, sanda muna yara ba wanda ya san wani abu wai shi rabin aji, amma yanzu mutane sun fara kai 'yan ƙanana kafin firamare. Na kwashe da dariya na ce, "Haba abokina, sai yanzu kuka farka? Mu nan Najeriya mun daɗe da wuce wurin. Je ka Jega da safe ka ga yara da 'yan jakunkuna."

Bai musa ba. Sai ya nuna 'yata, lokacin ba ta wuce shekara huɗu ba, tana zaune kan buhu tana ɓare bawon albasa. Ya ce, "To wagga hwa, wace ƙasa take?"

Wallahi na ji kunya har cikin raina. Ranar na ƙudurta sai na sa ta a rabin aji, ga shi an kusa rufe ɗaukar yara. Matsalar ita ce mahaifiyata. A gidanmu dokarta guda ce: yaro ba ya zuwa boko sai ya ɗora hannu ta saman kai ya taɓo kunnensa. Da na kawo maganar, ta kira yarinyar ta gwada ta. Hannun ko kusa bai kai ba.

"Ka gani? Mi za ta yi can? Wa zai share mata hanci in manyan yara sun ture ta?"

Na ce, "Inna, ajin nasu daban ne, duk irinta ne a ciki." Ta ce ba ta yarda da abin da idonta bai gani ba. Na ce to mu je idon ya gani. Ban zaci za ta tashi ba, sai ga ta ta ɗauko hijabi.

Na kai su makarantar a babur ita da yarinyar, aka shigar da yarinyar ajin. Inna ta zauna bakin taga tana leƙe, fuska a ɗaure. Can malamar ajin ta sa yara waƙar ƙirga, 'yata ta miƙe tana tafi duk ba daidai ba, ta fi kowa ɗaga murya. Na waiga na ga Inna tana rufe baki da hijabi don dariya. Da aka tashi ta ce, "Rubuta ta. Amma ni zan riƙa kawo ta." Daɗi ya kama ni har na manta babur ɗina a ƙofar makaranta, na biyo su a ƙasa.

Kaka ta zagayo, abokina ya dawo. Muna zaune da safe sai ga Inna ta wuce, yaran unguwa na biye da ita a jere, don har gidajen maƙwabta take shiga ta karɓo su. Ya bi su da kallo, ya ce, "Bana kun wuce mu. Ka ba ni aron Inna wata guda."

Har yau in na ji ana kwatanta ƙasashe a rediyo kan karatun ƙananan yara, ba na saurin bugun ƙirji. Nakan fara tambayar kaina ko akwai yaron da ya rage a gida a layinmu. In akwai, Inna nake faɗa wa.