Daɓen Tsohon Sito

Tun kafin in yi wayo siton nan yake tsaye a bakin hanyar Jahun. Babanmu ya ce wani kamfanin Turawa ne ya gina shi don sayen gyaɗa, kuma shi kansa yana cikin leburorin da suka fasa duwatsun da aka jera a ƙarƙashin daɓen. Gini ne dogo mai rufin kwano, da ƙofar ƙarfe wadda sai ƙarti biyu sun tura take buɗewa. A gabansa akwai daɓen siminti mai faɗi, inda ake baza gyaɗa ta sha rana kafin a ɗora ta a sikeli. Jakai da raƙuma har daga wajen Buji nan suke sauke kaya.

Da gyaɗa ta mutu aka rufe siton, jemagu suka gaje cikinsa, mu kuma mata muka gaji daɓen muna shanya a kansa. Babu wanda ya ba mu, babu kuma wanda ya hana mu. Kowace ta san wurinta da tsagar siminti. Nawa daga tsagar da ta karkace ne zuwa bakin kwata, na Innarmu ne tun farko. Baƙuwa kan samu gefen yamma, inda inuwar gini take saurin faɗowa. Tsofaffi ke zaman korar awaki, suna kula har da shanyar matan da ba sa fita. In hadari ya taso, wadda take nan ita ke kwashe na kowa.

Ni tattasai da tumatir nake yi. In sun yi banza a kasuwa sai in saya, in yanka, in baza, kwana uku sun bushe ƙarau, babu ƙwayar yashi ko ɗaya. Masu saye a kasuwar Jahun suna tambayar shanyar sito da sunanta. Da idon maigidana ya mutu, da wannan daɓen na ci da 'ya'ya biyar.

Da aka ba mu jiha, Dutse ta cika. Gidaje suka tashi a Takur, aka sayar da filayen bayan gidajenmu, ko wurin baza tabarma ɗaya ya yi wuya. An ɗan ajiye takin zamani a siton, amma maigadin da aka sa bai taɓa ce mana ku tashi ba.

Shekarar da aka kawo shari'a na yi murna har cikin raina, ban kuma daina ba. Bayanta da 'yan watanni wasu mutane suka zo daga ofis da igiyar awo. Mai unguwa ya ce mana an gano ginin nan na tarihi ne, za a gyara shi ya zama cibiyar koyar da mata sana'a, don bai dace mata su yini a fili ba. Daɓen kuwa za a farfashe shi, a shuka furanni, a yi wurin ajiye motoci.

Muka taru a gidan Gwaggo, ƙanwar Babanmu, wadda ta fi kowa daɗewa a kan daɓen. Ni kaɗai ce na gama ajin yaƙi da jahilci, don haka aka ce ni zan rubuta takarda.

Gwaggo ta ce, "Ce musu su bar mana daɓenmu. Shi ke nan."

Na ce mata ba a yi wa manya magana haka. Malamarmu ta koya mana wasiƙa da gaisuwa ake fara ta. Na zauna na cika shafi guda da gaisuwa da addu'a, da godiyar sun tuna da mata, da godiyar za su raya ginin da iyayenmu suka yi wa wahala. Na ƙawata rubutun sosai. Matan suka dangwala yatsa a ƙasan shafin. Roƙon namu kuwa a bayan takardar na sa shi, layi huɗu. Mai unguwa ya karɓa ya ce zai kai.

Amsa ba ta zo ba, motar fasa ƙasa ce ta zo. Sai da ta yi yini uku tana fama da duwatsun nan kafin su saki. Ina tsaye ina kallo, kwandon tumatir ɗina yana ruɓewa a zaure.

Ranar buɗewa aka gayyace mu, aka shimfiɗa mana tabarmi a can baya. Gini ya sha fenti. Tsohon sikelin ma an shafe shi da kore an ɗora shi a kan dakali, an kewaye shi da sarƙa. Bayan jawabai sai mai gabatarwa ya ce ga saƙo daga matan unguwa. Na ji kalmomina suna fita daga lasifika ɗaya bayan ɗaya, gaisuwar, addu'ar, godiyar. Ya ɗaga takardar ya nuna yatsunmu, aka yi kabbara, ya ninke ta ya sa a aljihu.

Gwaggo ta juyo. "Ke 'yar nan, ina maganar daɓen?"

"Tana baya, Gwaggo."

"Baya? Yaushe kika taɓa ganin babban mutum ya juya takarda?"

Ta ɗauki takalmanta ta fice a gaban kowa. Ni kuwa na zauna. Har aka raba lemo na karɓa na ce na gode. Wannan zaman shi ne abin da har yau yake ba ni kunya. Sun yi mana ƙwace, suka kuma sa hannuna ya yi musu godiya, matan da suka yarda da ni suna ji. Ba na tsammanin mai karatun bai ga bayan takardar ba. Tawadar ma ta huda, ana ganinta ta gaba.

Kuma sana'ar me za a koya mana? Mu da muke da sana'a a hannu aka tashe mu daga kanta. Kekunan ɗinkin da aka nuna ranar suna nan cikin ledarsu, ana hango su ta taga. Kwaɗo ne a ƙofar. Furannin ba su ga damina ta biyu ba, babu mai ba su ruwa. Jemagu ma sun koma, su ba a hana su shiga ba.

Muka watsu. Wasu suka bar shanya gaba ɗaya. Ni ba ni da halin bari, sai na koma bakin kwalta, ina baza buhuna ina danne su da duwatsu, ina yini a zaune ina korar awaki da sanda. Mutanen da suka ce bai dace mu zauna a fili ba ta gabana suke wucewa da motocinsu, ƙurarsu tana sauka a kan tattasaina.

Kayan farko da na kai Jahun, Alhajin da ya yi shekara da shekaru yana saye a wurina ya ɗauki ɗaya ya tauna. Ya tofar, ya goge bakinsa da hannun riga, ya ce in yi haƙuri, yashi ya yi yawa, mata za su dawo masa da shi. Bai yi ƙarya ba. Na ɗaure bakin buhun, na tsaya a bakin tasha ina jiran motar da za ta mayar da ni gida da shi.