Yarona da takalman baƙi

Shekarun baya, lokacin muna haya a Nasarawa Gwom, babban yarona ya kusa shekara huɗu amma ba ya gaisuwa. Ba wai bai iya magana ba. In daga ni sai shi ne, surutu har sai na ce ya bar ni na ji da kaina. Amma baƙo na yin sallama zai shige bayana ya damƙe zanina, ya kafe kamar an dasa shi.

Ni kuwa kun san ni, kafin mutum ya ce ina kwana na kai ga tambayar mutanen gidansu. Sai abin ya tsaya min a rai. Na yi lallashi, na yi cin hanci da biskit, na yi mintsini ta ƙasan hijabi ina wa baƙi murmushi. Ko gezau.

Wadda abin ya fi damu ita ce surukata, Hajiyar maigidana, da ke Gangare. Angona take ce masa, irin wasan kaka da jika. Duk zuwanta sai ta ce wane irin ango ne wannan, ba cefane ba gaisuwa. A yi dariya, amma ni na san da ni ake. Da na haifi ƙanwarsa sai ta yanke hukunci: ranar suna za ta wuce da shi, ya zauna wajenta cikin yara har bakinsa ya buɗe, tunda mu 'yan boko mun sangarta shi. Maigidana ya ce to. Ni ma na ce to, don ban da bakin musu. Na haɗa masa kaya a jaka, har da suwaita biyu saboda sanyi, ina ninkewa ina share hawaye. Yaron da ko gidan maƙwabta ba ya shiga sai da ni.

Ranar suna gida ya cika da mata. Ana ta janyo shi ya gaida wance, ya gaida wance, shi kuwa kansa a ƙasa. Bayan la'asar na duba ban gan shi ba. Na miƙa wa ƙanwata jaririyar na fito nema.

A lungun ƙofar falo na same shi, inda baƙi suka zube takalmansu. Ya jera su ƙafa bibbiyu, reras. Ya durƙusa gaban wasu silifas masu laushi, na Hajiya, yana magana ƙasa-ƙasa.

"Hajiya ina wuni. Ya gwiwar? Kin shafa maganin?"

Sai ya sauya murya, ya ja ta irin ta tsofaffi: "Lafiya lau angona, ka kawo cefanen?"

Ya matsa gaba, wajen takalmin robar maƙwabciyarmu, wata Mama da ke sayar da kayan miya a Farin Gada. Ya ce mata sannu da kasuwa, ya tambaye ta ko kabeji ya ƙare, ya tambaye ta ya coci. Ya amsa da irin Hausarta sak, har da dariyarta. Haka ya bi layin nan ɗaya bayan ɗaya. Mata sun fi ashirin a ɗakin, wasu sau biyu kawai ya taɓa ganinsu, amma bai ba wata takalmin wata ba. Ya san mai tari, ya san wadda ɗanta ya karye a hannu.

Na koma da sanɗa na yafito Hajiya. Ta taso tana ɗingishi tana tambayar lafiya, na ɗora yatsa a baki. Muka tsaya bayan labule.

Daidai nan ya iso kan takalmina. Ya ce Umma sannu da jego. Sai ya ɗaure fuska, ya mintsini cinyarsa da kansa, ya ce cikin muryata, "Gaishe su mana, kana ba ni kunya."

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Hajiya ta kalle ni ta gefen ido.

Ta daɗe tana kallon yaron. Can ta ɗaga labulen ta fita kamar ba ta gan shi ba, ta zura ƙafafunta cikin silifas ɗin, ta juya fuskarta ga bango tana gyara mayafi. Shi kuma yana durƙushe, idonsa a kan takalmin da yanzu akwai ƙafa a ciki. Na ƙirga numfashina ya kai goma. Sai na ji, kamar raɗa, "Hajiya ina wuni."

Ba ta juyo ba. Ta amsa wa bangon, "Lafiya lau, angona."

Da za ta tafi ta kira maigidana ta ce a mayar da kayan yaron cikin durowa. Ta ce wannan ba rashin tarbiyya ba ne, idanu ne suke masa yawa, a daina tsare shi da kallo. Ni kuma ta ce in rage hannu. Na ce to Hajiya, kaina a ƙasa.

Yanzu yana firamare. Har yau in mun shiga wuri sai ya yi minti goma yana kallo kafin ya buɗe baki, ni kuma na koyi yin shiru na minti goma, wanda duk wanda ya san ni ya san ba ƙaramin aiki ba ne. Abin da har yau yake ba ni tsoro da mamaki shi ne, duk watannin da nake ganin yaron nan ba ya tare da mu, ashe yana jin komai, yana adana ciwon kowa a ɗan ƙaramin kansa. Ni na haife shi, ni nake masa wanka kullum, amma saura ƙiris in tura shi wani gida a gyara min shi ban taɓa sanin waye shi ba.