Taki Talatin

A shekarar da gwamnati ta ba baƙi mako biyu su bar ƙasa, muna cikin azumi labarin ya iso Zongo. Na ji shi a rediyon mai shayi. Kafin a kai Sallah, gidajen da aka yi shekara arba'in ana gina su ɗaki bayan ɗaki sun koma kamar tumatir da yamma, kowa na neman wanda zai ɗauka.

Ni a Kumasi aka haife ni, ina da takarda, don haka dokar ba ta hau kaina ba. Amma ta hau hannuna. Ni ne mai rubuta wa unguwa takardun ciniki da ajami, kuma a makonnin nan na rubuta "na sayar" har na gaji da ganin kalmar.

Maƙwabcinmu wani tsohon mahauci ne, dogo, wanda ya zo daga ƙasar Katsina tun yana saurayi. Baba muke ce masa. A zamaninsu ba a auna fili da igiya. Mutum ya je gun sarkin Asante mai ƙasar da rago da ɗan abin gaisuwa, a haɗa shi da wakili ya nuna masa daji, a dasa itace a kusurwa huɗu, shi ke nan. Haka Baba ya samu nasa. Daga baya ya yanka wa mahaifina rabi, ya taka da ƙafarsa a gaban shaidu, ni kuma na rubuta: taki talatin daga bakin hanya. Ban rubuta takin wa ba. A lokacin ban ga dalili ba, kowa ya ga wanda ya taka.

Bayan rasuwar mahaifina na kira magini ya ja katanga. Shi ma dogo ne, kuma ya san wanda zai biya shi, sai ya buɗe ƙafa da kyau. Katangar ta shige cikin filin Baba da kamar taki uku. Na gani, na yi shiru. Baba bai kai ni ko'ina ba. Sai dai duk lokacin da muka haɗu a ƙofar masallaci ya ce, "Malam, yaya takina uku? Suna cin abinci?" In yi dariya in wuce. Shekara goma sha ɗaya muna haka.

Da dokar ta zo, Baba ba shi da takarda, kuma ba shi da komai sai gidan. Da kuɗinsa zai hau lori shi da iyalinsa, da shi kuma zai sami inda zai sa kai a garin da ya bari tun kafin a haife ni. Ya ɓuya a ɗaki har wa'adi ya wuce, yana jiran mai saye. Sai bayan shigowar sabuwar shekara aka samu wani makanike daga Suame Magazine, unguwar makanikai, yana son wurin don ajiye motoci. Ya zo da mai awo da tef. Suka auna mashigar da ke tsakanin katangata da ɗakin Baba, makaniken ya girgiza kai.

"Baba, lori ba zai shiga nan ba. In ba zai shiga ba, rabin kuɗi zan ba ka."

"Da can yana shiga," in ji Baba. Bai dube ni ba.

Ina tsaye da tawada da alƙalami, an kira ni in rubuta. Na ce wa makaniken ya dawo jibi.

Washegari bayan sallar asuba na ɗauko diga. Katangar ƙasa ce, ruwan Kumasi ya riga ya cinye gindinta, amma duk da haka ta kai ni har azahar. Matata ta tsaya a ƙofar kicin tana kallon inda take shanya ya zama hanya. Baba ya fito da sandarsa ya zauna a kan turmi.

"Wa ya sa ka?"

"Babu kowa, Baba. Taso ka taka, mu ga inda talatin ta tsaya."

Ya tashi ya fara daga bakin hanya, ina ƙirgawa. Ƙafar da ta taka wa mahaifina ba ita ce wannan ba. Gwiwa ta riƙe, takin ya zama na mai tsoron santsi. Da ya kai ashirin ya tsaya yana haki, ya dubi inda yake, ko tsakar gidana bai wuce ba.

"Malam, in na ƙarasa da wannan ƙafar, ɗakin matarka ma nawa ne." Ya koma kan turmin. "Kai ka taka. Tsawonka ya kusa nawa na da. Amma ka ji tsoron Allah, kada ka yi irin ta magininka."

Na taka. Talatin ta tsaya daidai kan wani tsohon kututture da ke ƙarƙashin ɓaraguzan katangar, ragowar itacen da aka dasa ranar da Baba ya taka wa mahaifina. Duk shekarun nan yana nan a binne.

Makaniken ya dawo, ya auna, ya biya yadda aka yi da farko. Na rubuta takardar, wannan karon na sa mai tef ya faɗa mini ƙafa nawa ne, na rubuta har da sunan mai awon.

Kafin Babbar Sallah lorinsu ya tashi. Na raka shi tasha ina riƙe da buta da tabarmarsa. An ɗaga shi sama aka zaunar da shi a kan buhu, na miƙa masa kayan, na ce ya yafe mini shekara goma sha ɗayan nan.

"Na karɓi takina uku," ya ce. "Babu saura. Koma ka ja wa matarka katanga kafin ruwa ya sauko."