Hannun Hagun Malam Baƙo

Malam Baƙo ɗan kawuna ne, taubashina, saboda haka ina da izinin faɗin abin da na ga dama a kansa, shi kuwa sai dai ya haɗiye. Ƙofofin gidajenmu suna kallon juna a unguwar Ƙofar Ƙwaya sama da shekara arba'in. Na san tarinsa, na san ƙarar takalminsa, na san ranar da aka ci da nama a gidansa.

Sana'arsa rubuta wa mutane wasiƙa. Tun yana saurayi yake shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya kusa da gidan waya, da ɗan akwatin katako a kan cinya. Mace za ta zo, mijinta ya tafi Ikko shekara biyu ko sallama babu, ta zauna tana zagi tana kuka. Baƙo ya saurara har ta gaji, sannan ya ce, "To, na ji cikinki. Bari in sa mashi riga." Zagin nan sai ya fito a takarda da ladabi, amma in mijin ya karanta ba zai iya cin tuwo ba. Wannan kam ya iya, ko ni da ba na yaba masa komai na yarda. Maganarsa kullum ɗaya ce, wanda Allah ya ba hannu ya rubuta wa wanda bai ba, lada ce.

Wayar hannu ta zo ta kashe kasuwar. Kowace tsohuwa ta iya zagin mijinta da bakinta, ba ta bukatar mai sa wa zagi riga. Baƙo ya naɗe tabarma ya dawo zaure, hannu yana ta ƙaiƙayi.

Ana cikin haka ɗansa ɗaya tilo, Ado, direban babbar mota, ya rasu a hanyar Funtuwa. Matar Ado ta yi takaba ta yi wani auren, aka bar wa Baƙo da matarsa jikarsu Suwaiba, tana 'yar shekara shida. Tun daga ranar ba shi da wata duniya sai ita.

Ga yadda yinin yarinyar nan yake. Bakwai da rabi tana firamare. Ta dawo bayan azahar, ta ci abinci a tsaye, ta canja hijabi ta wuce Islamiyya har gab da magariba. Ta dawo da hadda a kai, wadda in ba ta kawo gobe ba akwai dorina. Tsakani ga ɗiban ruwa, ga wanke-wanke, don kakarta mace ciwon gwiwa ya ci ta. A kan wannan duka makarantar boko ke ɗora aikin gida, shafi biyu, wani lokaci uku. Ni dai ban san a wace sa'a suke nufin a yi shi ba. Wataƙila agogon malaman boko ya fi namu tsawo.

Wata rana tana aji uku ta dawo da sawun bulala a tafin hannu, ba ta yi lissafin da aka ba ta ba. Baƙo ya riƙe hannun yana dubawa.

"Kawo littafin, amarya," ya ce. Haka yake kiranta, irin wasan kaka da jika. "Je ki Islamiyyarki."

Kafin ta dawo ya gama. Amma da ya duba rubutun sai ya ga ko makaho ya shafa ya san hannun babba ne. Sai ya yage shafin, ya mai da biro hannun hagu. Rubutu ya fito a karkace, kamar kaza ta taka tawada, daidai na 'yar aji uku. Har kuskure yake sawa da gangan, ɗaya a kowane shafi, wai don kada malamai su yi mata baki.

Na leƙa zauren na same shi ya fito da harshe yana fama.

"Kai, tsohon banza," na ce, "da furfurarka aka mai da kai aji uku? Wa ya fi ƙoƙari a ajin naku?"

"Mero, tafi ki ba ni wuri. Marainiya ce. In ban sauƙaƙa mata ba wa zai yi?"

"Abin da aka yi da hagu dai ka san ba ya albarka."

Na faɗa ne don tsokana, na yi dariyata na wuce. Da na san inda maganar za ta kai da na tsaya na faɗe ta da gaske. Wannan yana cikin abubuwan da ke damuna har yau.

Shekara uku ana haka. Littafin Suwaiba ya cika da jan biro na yabo. Ajinsu yara casa'in da wani abu, malami ɗaya, wa ke da idon da zai ga ta ƙarshen benci? In an zo jarrabawa ta kwafi na kusa da ita, a ce ta wuce. Baƙo kuwa ya riga ya gama gini a ransa: in ta gama aji shida za ta ci jarrabawar makarantar kwana ta 'yan mata, ta zama likita. Ya gaya wa mai shayi, ya gaya wa liman, ni kam ya gaya mini har na haddace.

A aji shida aka kawo musu sabuwar malama, Malama Ladi, 'yar asalin Kafanchan amma a nan Katsina aka haife ta. Wata Alhamis ta ba su aikin gida, kowa ya rubuta wasiƙa zuwa ga mahaifinsa. Ba ta san wa ke da uba wa ba shi da shi ba. Ina za ta sani?

Baƙo ya buɗe littafin bayan la'asar ya ga abin da aka ce. Matarsa ta ce mini ya daɗe zaune bai motsa ba. Sannan ya ɗauki biro. Ya manta da hagu. Shekara biyar yana da maganar da bai gaya wa Ado ba, sai ga takarda, ga izini. Ya rubuta shafi biyu da dama, da hannun nan na gindin darbejiya, da bakin Suwaiba amma da zuciyarsa.

Ran Litinin Malama Ladi ta karanta, hawaye ya zubo mata. Ta ga rubutun ya yi kyau da yawa, amma ta ce a ranta ko wani ya kwafe wa yarinyar ne, maganar dai tata ce. Ta kira Suwaiba gaban aji ta karanta wa 'yan'uwanta su ji yadda ake wasiƙa.

Yarinya ta tsaya da littafi a hannu. Ta kalli shafin. Ta iya kiran baƙaƙen ɗaya-ɗaya, amma haɗa su ya gagara. Can wani ya fashe da dariya, sauran suka ɗauka.

Ina ƙofar gida ina tsince shinkafa na ga ta shigo layi tun ba a tashi ba, takalmi ɗaya a ƙafa. Ta jefa littafin a cinyar kakanta.

"Mi ka rubuta?" ta ce. "An ce Babana na rubuta mawa. Mi na ce mashi?"

Mutumin da ya yi shekara talatin yana samar wa mutane magana, ranar ya rasa ta kansa.

Da yamma Malama Ladi ta zo da kanta. Na bi bayanta, don ba a irin wannan zama ba ni. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi gida, ta tambayi ƙarfin jiki, sannan ta ce, "Baba, tun yaushe?"

"Tun aji uku, ɗiyata."

"Baba, saura wata huɗu jarrabawa. Ba ta iya karatu ba."

"Ku kuka aiko da aiki gida," ya ce. "Wa kuka aiko mawa? Yarinyar da ba ta da lokacin shan ruwa? Na ga an kawo rubutu, ga wadda ba ta iya ba, ga ni na iya."

Malama ta sunkuyar da kai. "Muna bayarwa ne don mu san inda yaro ya tsaya. Da littafinta ya dawo fari, ko ya dawo da shirme, da wani ya lura."

"Da ya dawo fari bulala za a ba ta," na ce. "An ba ta, na ga hannun."

Kowa a zauren yana da gaskiya, gaskiyar kuwa ba ta koya wa Suwaiba ko baƙi ɗaya ba.

Ba a sa sunanta a jarrabawar ba. Malama ta ba da shawara a mai da ita aji biyar, Baƙo ya sa hannu, da dama. Ƙawayenta suka wuce suka bar ta da ƙannensu, wasu har kiranta suke uwar aji. Wata guda ba ta amsa in ya ce amarya. Ya rame, ya daina zuwa wurin mai shayi, don can ne ya yi ta cika baki da likita.

Malama Ladi ta daina ba ta aikin gida sam. Ta ce a roƙi malamin Islamiyya ya riƙa sakin ta saura rabin sa'a a tashi, ta zauna da kakanta ta karanta da baki, layi ɗaya ko biyu, kada a rubuta komai. Da aka tambayi Suwaiba littafin da take so, ta ce wasiƙar.

Biron yana wurina, a ƙulle a bakin zane, don ban yarda da tsohon nan ba. Kullum bayan biyar nake tsallakawa in zauna gadi. Jiya ta kai layi na tara. Ta tsaya a kan wata kalma tana ja, tana komawa, gumi yana tsattsafo mata a hanci. Na ga bakin Baƙo ya fara motsi.

"Kaka, kada ka faɗa mani," ta ce, ba ta ko ɗago ba.

Ya cusa hannayensa biyu a hammata ya matse. Muka zauna muna jira. Saura layi talatin da ɗaya, ita kuwa shekararta goma sha biyu.