Wayar da Baba Ya Mayar Aljihu

Har yau mutanenmu na Greensboro a nan Amurka cewa suke Baba ne ya hana ni wasan besbol, ƙwallon da ake bugawa da sanda, don na fara zama budurwa. Ba haka ba ne. Wasu ƙawayen Mama kuma suka ce hijabi ne ya dame ni a ƙarƙashin hular kwano. Su ma sun faɗi son ransu. Ni na ajiye sandata da hannuna, ina shekara goma sha ɗaya, kuma ga dalili.

Watan Yuni ne, da zafin nan mai danshi da ke manna wa mutum riga a baya. Filin ba nisa da gidanmu na titin Wendover, jar ƙasa da ƙamshin ciyawar da aka yanke da safe. Mun kai zagayen sili-ɗaya-ƙwale, wanda aka cinye sai baɗi. Mama ta zo da zobo a kula. Baba sai da ya roƙi wani ya riƙe masa aikinsa a sito kafin ya samu zuwa. Bai san dokar wasan ba, abin da ya iya kawai shi ne ɗaga waya duk sanda na motsa.

Sun fi mu da ci ɗaya, kuma damarmu ta ƙarshe ke nan. A wasan nan ba ka ci sai ƙafarka ta taɓa farin farantin da ke ƙasa kafin mai tsaronsa ya taɓa ka da ƙwallo. Na sheƙo da gudu, na zube, na ji takalmina ya daki farantin. Sai bayan nan ƙwallon ta sauka a kafaɗata.

Alƙalin wasa ya dunƙule hannu, ya ce na fita.

Dattijo ne, kansa fari fat, gumi na kwarara cikin idonsa. Fili ya kaure. Kocinmu ya ruga yana ihu, iyaye suka yi caa a kan tsohon. Ni wajen Baba na nufa, a bakin shinge. Ya mayar da bidiyon baya, muka kalla tare har sau biyu. Ƙafata ce ta riga isa, babu ko tantama.

"Baba, nuna masa!"

Ya dubi tsohon, ya dubi masu zaginsa. Sai ya sa wayar a aljihu.

"Sa'an kakanki ne," ya ce. "Ba da ni za a tsinka shi a gaban yara ba."

"To ni fa?"

Mama ta damƙe min hannu. "Ke, sassauta murya. Babanki kike wa tsawa?"

Har muka isa gida ba wanda ya buɗe kular zobon.

Na daɗe ina jin haushin su biyun, Baba da alƙalin. Sai da na girma na gane cewa ko Baba ya miƙa wayar, dokar filin ba ta yarda a duba ba. Wannan ya fi ƙona min rai. Yanzu in ina kallon manyan wasanni a talabijin, koci zai nemi a sake duba hoto, alƙali ya fito ya ce an canja hukunci, a ci gaba da wasa. Ba wanda rawaninsa ya faɗi. Ido na kuskure, kowa ya sani, balle na tsoho a tsakar rana. Da akwai doka irin wannan a filinmu, da ba a sa Baba zaɓi tsakanin 'yarsa da furfurar wani ba.

Bana ƙanwata ce ke wasa a filin, kuma makon jiya aka yi wa ƙungiyarsu irin wannan. Ta dawo tana cewa ta gaji da wasan. Ranar Asabar akwai taron iyaye da masu shirya gasar. Na rubuta buƙata a shafi ɗaya: a ba kowace ƙungiya dama ɗaya a wasa ta ce a duba bidiyo. Baba ya karanta, ya ninke, ya ce yarinya ba ta tashi ta yi magana inda manya ke zaune.

Na ce masa to ya zo da wuri ya kama kujerar gaba, don ni dai zan tashi.