Malam Sada Mai Gonakin Marayu

Haihuwa

An haifi Malam Sada a shekarar 1236 bayan Hijira, cikin gonar dawa a bayan Unguwar Ƙirya ta ƙasar Maska, lokacin da mahara ke cinna wa garin wuta. Mahaifiyarsa Tasalla ta tsira da shi, mahaifinsa Ummaru kuwa a wannan hari ya kwanta dama. A al'adar garin, gonar da ta yi damina biyu ba shuka takan koma hannun mai unguwa, saboda haka kafin Sada ya iya tafiya, gonar ubansa ta zama ta wani.

Neman ilmi

Ya yi sauka a Gozaki, sannan ya wuce Zariya inda ya karanci fiƙihu, musamman hukunce-hukuncen gado. Ya komo gida a 1262.

Aure da kafa makaranta

A shekarar ya auri Hajo, ya kuma kafa makaranta a zaurensa. Da annobar agana ta ratsa ƙasar, sai gidansa ya cika da marayu. Hajo ke yi musu wanka da tuwo, tana koya wa 'yan matan kaɗi. Ƙa'idarsa ɗaya ce: duk marayan da ya karɓa, har da gonar ubansa yake karɓa. Da hantsi karatu, bayan azahar shi da manyan ɗalibai su bi gonakin ɗaya bayan ɗaya, don kada ko guda ta yi damina biyu ba shuka. Amfanin kowace gona a rumbun mai ita ake zubawa.

Shekarar kurkunu

A 1280 ya bar gonar wani maraya, Mudi, ta huta. Damina ta gaba, ana saukar ruwan shuka, kurkunu ya ɗaure masa ƙafafu biyu, ya kuma kwantar da manyan ɗalibansa. Mai unguwa Buba, wanda ya daɗe da sa ido a kan gonar, ya kira gayya a tasa gonar, ya kwashe majiya ƙarfin garin kaf.

Malam ya gwada hawa jaki, ya kasa. Sai ya sa aka ɗauko makarar masallaci.

"Malam, makara? Da ranka?" in ji Hajo.

"Hajo, jaki ya ƙi, ƙafa ta ƙi. Miƙo mini ƙwaryar iri."

Wasu dattawa huɗu suka saɓa shi, marayu na biye. Hanyar kuwa ta gefen gonar mai unguwa ta bi. Da 'yan gayya suka hango makara da marayu a baya, sai salati ya tashi, kowa ya saɓa sunguminsa ya bi sahu don samun ladan jana'iza, har da Buba. Ba a ajiye makara ba sai a gonar Mudi, inda mamacin ya tashi zaune yana gyara rawani.

"Haba Malam! Ka tsinka mana hanji!" in ji Buba.

"Ranka ya daɗe, da saura tukuna. Amma tun da kowa ya zo da abin haƙa, ga ƙasa ta jiƙa."

Dariya ta ɓarke, Buba da kansa ya fara sara. Kafin la'asar an shuke gonar.

Ƙarshen rayuwa

Daga nan babu wanda ya sake taɓa gonar maraya a Unguwar Ƙirya. Malam ya ga ɗalibansa sun girma, ya miƙa wa kowa gonarsa ranar aurensa, kuma ya ci gaba da karantarwa har idonsa ya raunana. Allah Ya karɓi ransa a watan Shawwal na 1309, aka yi masa sutura a bayan makarantar. Ya bar matarsa Hajo da 'ya'ya uku: Malam Abdussamad, wanda ya gaje shi, da Rabi'atu da Kulu. Allah Ya kyautata makwancinsa.

Ranar sadakar uku, wani baƙo daga Dandume ya tsaya a ƙofar zauren da yara biyu a kan takarkari, yana tambayar Malam. Aka ce ya rasu. Ya yi ta'aziyya, ya sauke yaran a gaban Abdussamad.

"To, kai ne Malam yanzu. Ubansu ya rasu bara, ba a shuka gonarsa ba, kuma jiya aka yi ruwan shuka."